Na Je Garin da Ake Rera Kishi

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi, ni kuwa ban gaskata wannan magana sosai ba sai da na yi wata biyu cur a birnin Meksiko a farkon shekarar 2025. Na je ne in taya Yayata zaman jego, domin a can mijinta yake aiki, ga shi ba uwa ba ƙanwa a kusa. Lokacin da na bar Kano an riga an karɓi kuɗin gaisuwata, ana maganar sa rana bayan ƙaramar salla. Na dawo gida da wani tunani daban, kuma abin mamaki waɗanda suka fara sauya min shi mawaƙa ne, waɗanda ko yarensu ba na ji.

Bari in fara ba ku labarin garin. Birnin Meksiko yana kan tudu ne, tsayinsa daga bakin teku ya kai mita 2,240, shi ya sa a satin farko ko matattakalar bene na hau sai in tsaya ina haki kamar wadda ta yi tsere. Mutanen birnin da kewayensa sun haura miliyan 20. Akwai wata bishiya da suke kira jakaranda, daga ƙarshen Fabrairu zuwa Maris sai ta rufe tituna da furanni masu launin shunayya, ƙasa ma ta koma kamar an shimfiɗa mata darduma. Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne waƙa. Ke 'yar uwa, waɗannan mutane ba sa rabuwa da kiɗa. Direban bas yana jin waƙa, mai suyar wainar masara tana jin waƙa, mai share titi ma yana rerawa. Sifaniyanci suke yi, ban san ko "zo in kashe ki" ba, amma kunnena ya riƙe wata kalma guda da take ta dawowa a waƙoƙin, wato "selos".

Ƙofarmu tana kallon ta wata dattijuwa mai ɗinki, kowa a benen yana ce mata Abuwela, wato Kaka. Tana zaune da jikarta, budurwa ce sa'ata mai karatu a babbar makarantar fasaha ta ƙasar da suke kira Politekniko, tana jin Turanci, don haka nan da nan muka ƙulla ƙawance. Wata rana na tambaye ta ma'anar wannan kalma, sai ta tuntsire da dariya ta ce, "Kishi ke nan. In kika cire kishi da cin amana daga waƙoƙinmu, ai rabin gidajen rediyo sai su rufe." Na ce a raina, ashe ba littattafan soyayyarmu na Kano kaɗai ne suka riƙe wannan sana'a ba.

A nan dole in faɗa muku gaskiya game da mutumin nawa. Tsakanin Kano da Meksiko akwai bambancin awa 7, amma wannan bai hana shi komai ba. Sai ya ƙi barci har ƙarfe biyun dare don kawai ya kira ni, ya ce in kunna bidiyo in zagaya da wayar ya ga ɗakin. In ya ji muryar namiji, ko ta mai tallan gas ce a titi, sai ya ce waye wannan? Tun muna gida ya raba ni da aminiyata ta makaranta, wai idonta a buɗe yake, ya kuma karɓi lambobin sirrin wayata. Ni kuwa a lokacin har fankama nake yi wa ƙawaye, ina cewa ai wane ba ya haɗa ni da kowa, kishina yake kamar ransa. A zatona ma'aunin so ke nan.

Ranar 17 ga Fabrairu da rana sai muka ji kiɗa yana tashi daga ɗakin Abuwela fiye da kullum. Na leƙa, na tarar da ita zaune gaban keken ɗinki, ba ta ɗinkin, hawaye kawai take yi. Gabana ya faɗi, na ɗauka rasuwa aka yi musu. Jikarta ta ce min ai kusan haka ne, wata mawaƙiya ce ta mutu, Paquita la del Barrio, wato Pakita 'yar unguwa. An haife ta a 1947 a jihar Berakurus, ta mutu tana da shekara 77. Labarinta shi ya sa matan ƙasar suke ji da ita. Tana yarinya ƙarama wani babban mutum da ya girme ta nesa ba kusa ba ya aure ta, sai daga baya ta gano ashe yana da mata da 'ya'ya a wani wuri. Ta baro ƙauye ta shigo birni, ta yi ta fama, har ta buɗe gidan abinci a unguwar Gerero inda take yi wa masu cin abinci waƙa. Mijinta na biyu ma ya ci amanarta shekaru da dama. Sai ta mai da baƙin cikinta waƙa, ta shiga wanke mayaudaran maza tas, babu kara babu kunya. Waƙarta da ta fi shahara sunanta Rata de dos patas, ma'ana ɓera mai ƙafa biyu, kun ga daga sunan ma kun san inda aka dosa.

Na tambayi dalilin da ya sa abin ya taɓa Abuwela haka. Tsohuwar ta goge ido ta ba ni labari, jikarta tana fassarawa. A ƙasarsu doka ba ta yarda namiji ya auri mace fiye da ɗaya ba, amma akwai wata tsohuwar ɗabi'a da suke kira "kasa cika", wato ƙaramin gida, inda magidanci zai ajiye wata mace a ɓoye a wata unguwa har su hayayyafa. Ta ce shekara talatin da wani abu tana zaune da mijinta, ba ta san komai ba sai ranar jana'izarsa, da wata mata ta shigo sanye da baƙaƙen kaya tana jaye da yara uku, duk kamanninsa sak. Na yi shiru, sannan na gaya mata cewa mu a wajenmu ana ƙara aure ne da rana tsaka, da sadaki da shaidu, kuma sunan da muke kiran abokiyar zama ma daga kishi aka samo shi, kishiya. Ta kama baki, ta ce, "'Yata, to ku aƙalla kun san fuskar wadda kuke kishi da ita. Ni da gawa na yi nawa." Ta ce da ba don waƙoƙin Pakita ba da zuciyarta ta buga, domin duk abin da ta so ta faɗa wa mamacin, matar nan ta faɗa mata shi.

Ganin yadda abin ya shiga raina, ranar Asabar da la'asar mijin Yaya ya ɗauke mu ni da ƙawata zuwa dandalin Garibaldi, wanda yake tsakiyar tsohon gari. Wannan fili shi ne matattarar makaɗan da ake kira mariyaci, waɗanda hukumar UNESCO ta sa kiɗansu cikin kayan gadon duniya a 2011. In kin gan su sai sun burge ki: matsattsun riga da wando masu jerin maɓallan azurfa a gefe, da malafa mai faɗi kamar faifai. Wasu na riƙe da goge, wasu ƙaho, wani kuma ya rungumi wata ƙatuwar jita mai tumbi. Suna tsaye ƙungiya-ƙungiya suna jiran ciniki, ki biya a yi miki waƙa ɗaya nan take, ko kuma saurayi ya kwashe su a mota cikin dare ya kai su ƙarƙashin tagar budurwarsa su rera mata, in ya yi laifi su ba ta haƙuri a madadinsa. Irin nasu zancen ke nan. A gefen filin akwai wata tsohuwar mashaya mai suna Tenampa da aka buɗe tun 1925, mu dai daga nesa muka hango ta, ba wurin shigarmu ba ne.

Muna tsaye sai ga wani ƙato, gashin baki kamar na soja, ya biya makaɗa suka kewaye shi. Suna farawa sai ya ɗaga kai sama yana bin su, hawaye shaɓe-shaɓe, ko kunyar jama'a ba ya ji. Ƙawata ta raɗa min cewa waƙar sunanta Estos celos, wato wannan kishi, Joan Sebastian ne ya rubuta ta, shahararren mawaƙinsu Vicente Fernández ya rera ta a 2007. Labarin wani ne da ya yi sake da masoyiyarsa, sai da ta kuɓuce masa ya gane darajarta, kishi yana cin sa. Wallahi sai da ya ba ni tausayi. Can gefe kuma wasu mata su biyar sun haɗa kuɗi an kama musu waƙar Pakita, suna rerawa da ƙarfi suna nuna mazan da ke wucewa da yatsa, suna ƙarewa suka fashe da dariya suka rungume juna. A nan na lura da wani abu. Mazan suna rera kishinsu ne kamar ciwon da wata ta ɗora musu, matan kuwa suna rera nasu kamar ƙaya da suke cirewa daga ƙafa. Mu ma ai mun ce kishi kumallon mata, in ya motsa sai an amayar. To su a waƙa suke amayarwa, su goge baki su koma gida.

Kada ku ɗauka wannan abu na tsofaffi ne kawai, ko na Meksiko ita kaɗai. Duk ƙasashen da ke jin Sifaniyanci a nahiyar haka suke. Wani dare a ɗakin Abuwela na ga wata mace da wani namiji a talabijin suna cacar baki cikin waƙa, ita tana korarsa shi yana magiya, har tana juya masa baya. Na ce kai, wannan aure ai ya mutu. Suka yi ta yi min dariya. Ashe 'yan ƙasar Ajantina ne da ake kira Pimpinela, Lucía da Joaquín Galán, wa da ƙanwa ne uwa ɗaya uba ɗaya, tun farkon shekarun 1980 suke wannan faɗan na ƙarya suna tara dukiya. Wannan ya nuna min cewa kishin waƙa haja ce ta kasuwa, akwai masu saƙa shi kamar yadda ake saƙa labarin fim.

Akwai kuma wadda nata ba ƙarya ba ne, Shakira 'yar ƙasar Kolombiya, wadda na san da yawanku kun santa. Ta yi shekara 11 tare da ɗan ƙwallon nan na Basalona, Gerard Piqué, suna da 'ya'ya biyu maza, suka rabu a 2022. A watan Janairun 2023 ta fitar da wata waƙa tare da wani matashin makaɗi ɗan Ajantina mai suna Bizarrap, inda ta yi wa tsohon masoyin nata da sabuwar budurwarsa habaici son ranta. Waƙar ta zagaye duniya cikin kwana ɗaya, ta kuma ci kyautar waƙar shekara a gasar Latin Grammy ta 2023. Bayan wata guda ta sake haɗa kai da 'yar ƙasarsu Karol G suka yi wata mai irin wannan jigo. Ina can a watan Maris na 2025 ta zo birnin Meksiko ta cika filin wasa dare 7, hotonta ko'ina a tituna. Suna da kalma ta musamman ga irin waɗannan waƙoƙi, "despeco", wato abin da ke fitowa daga zuciyar wanda aka yaudara, haushi da ɓacin rai a haɗe.

Har zuwa nan abin nishaɗi nake ɗaukarsa. Ranar da jikina ya yi sanyi ita ce ranar da na raka ƙawata makarantarsu. Mun shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, sai ta ja ni zuwa taragon gaba, ta ce waɗannan an ware su ne don mata da ƙananan yara saboda fitinar maza a cikin cunkoso. Muka sauka a tsakiyar gari, gaban wani katafaren gidan wasanni na farin dutse da ake kira Bellas Artes. Daura da shi ta nuna min wani ƙarfe mai launin shunayya, siffar alamar mace da dunƙulallen hannu a tsakiya. Mata ne suka kafa shi da kansu ranar 8 ga Maris 2019, don tunawa da 'yan uwansu da aka kashe. Ta ce alƙaluman hukuma sun sha nuna cewa kimanin mata 10 ake kashewa kullum a ƙasar, kuma da yawa daga cikinsu ba baƙo ne yake kashe su ba, miji ne ko saurayi ko tsohon saurayi. In an kama shi kuwa, sau da yawa kalmar da zai fara kawowa ita ce wadda nake ji a rediyo: selos.

Sai ta ba ni labarin wata ƙungiyar mawaƙa ta garinsu mai suna Café Tacvba. A 1994 sun fitar da wata waƙa, La ingrata, wato butulu, mai kiɗa mai daɗin rawa, ana sa ta a biki da shagali. Amma a ƙarshenta saurayin da aka guje wa yana barazanar harbe yarinyar ne da bindiga. Sun yi ta ne da sigar barkwanci, mutane suka yi shekara ashirin da wani abu suna tsalle suna bin ta. A 2017 mawaƙan da kansu suka daina rera ta, saboda ganin yadda ake kashe mata a ƙasar abin ya wuce wasa. Sai a 2019 suka dawo da ita da sababbin baituka, tare da wata mawaƙiya 'yar Kolombiya, Andrea Echeverri, wadda ta ba macen baki ta mai da martani. Na ce a raina, lallai wanda ya yi waƙa ya dawo ya ji tsoron waƙarsa, ya hango abin da masu rawa ba su hango ba.

Da muka isa makarantar, a jikin bango na ga wani dogon hoto kamar rular 'yan firamare, da rubutu a kowane mataki. Ta ce sunansa biyolentometro, wato ma'aunin cin zali, makarantar tasu ce ta ƙirƙiro shi a 2009 bayan wani bincike da ta yi a kan soyayyar ɗalibanta, yanzu kuma ana liƙa shi a makarantu da ofisoshi da dama. An kasa shi uku: kashin farko yana cewa ki yi hattara, na biyu ki farka, na uku ki nemi taimako. Ta shiga karanta min tun daga ƙasa. Wasa mai cin rai. Ƙarya da yaudara. Yin gaba da ke. Kishi. Ɗora miki laifi. Kunyata ki cikin mutane. Sa miki ido da hana ki ƙawaye da 'yan uwa, da bincikar wayarki. Daga nan sai lalata miki kaya, sai hankaɗa, sai mari, sai kulle ki a ɗaki, sai barazana da makami. Matakin ƙarshe can sama shi ne kisa.

'Yan uwa, ina tsaye ina bin matakan nan da ido ina ƙirgawa, sai na ga mutumin nawa ya riga ya hau guda bakwai, tun ba a ɗaura ba. A daidai lokacin wayata ta hau ruri a cikin jaka. Shi ne. Karo na farko tun da muka haɗu, na bar ta ta yi ta yi har ta katse. Kafin mu isa gida ya kira sau 23.

A daren, bayan mun sha ruwa, domin azumi ya riga ya kama, na zauna na zayyana wa Yaya komai. Ta daɗe tana jijjiga jaririnta ba ta ce uffan ba, sannan ta ce, "Ƙanwata, me ya sa ba ki taɓa faɗa min ba?" Na ce, "Yaya, ai na ɗauka so ne." Ta ce, "Kin manta abin da Malam ya koya mana a Islamiyya? Akwai kishin da Allah yake so, akwai wanda yake ƙi, kuma wanda yake ƙi shi ne na zargi ba tare da dalili ba. Namijin da ba ya kishin iyalinsa ba namiji ba ne, wannan gaskiya ne. Amma mai kishin kirki tsare miki mutunci yake yi, ba tsare ki yake yi ba. Wanda bai yarda da ke kina gidan ubanki ba, ranar da kika shiga nasa gidan me kike zato? Juma'ar da za ta yi kyau ai tun daga Laraba ake gane ta."

Washegari na kira shi, cikin ladabi na ce ina son ya daina bincikar wayata, kuma zan koma hulɗa da aminiyata. Ban yi zaton abin da ya biyo baya ba. Ya zage ni, ya ce dama ya san na yi wani a can, ya ce in na dawo zan gane kurena. Yaya tana gefe tana ji, ita ta karɓi wayar ta kashe, ta kira Umma. Baba bai yi gaggawa ba, sai da ya sa aka yi bincike a unguwarsu, abin da aka gano kuwa ya ishe shi. Kafin in dawo an mayar musu da kuɗinsu.

Ba zan yi muku ƙarya in ce ban yi kuka ba. Na yi, har idona ya kumbura, domin ina sonsa, kuma na san surutun da zan tarar a gida. Abuwela ce ta shigo ta same ni, ba ta tambayi komai ba, ta kamo hannuna ta kai ni ɗakinta, ta zaunar da ni kusa da keken ɗinki. Ta miƙa hannu za ta kunna Pakita, sai ta tuna ina azumi, ta fasa, ta zauna kawai tana shafa min baya har aka kira Yaya ta ce lokacin buɗa baki ya yi.

To 'yanmata, ga abin da na ƙullo muku a bakin zane daga wannan tafiya. Ku karanta littattafanku na soyayya, ba wanda ya hana, amma ku sani jarumin da yake fasa kofi don ya ga jaruma tana gaisawa da ɗan baffanta, a takarda kawai yake da daɗi. Mawaƙi yana gama kukan kishinsa ne ya karɓi kuɗinsa ya tafi gida, ke kuwa in kika auri mai zargi, da shi za ki kwana ki tashi. In saurayi ya fara raba ki da ƙawayen kirki, yana ƙirga miki numfashi, kada ki ɓoye, ki faɗa wa Umma ko Yaya ko wata babba da kika yarda da ita tun kafin a sa rana. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba.

Ranar da zan taho Abuwela ta ba ni wani ɗan gyale da ta ɗinka da hannunta, mai launin furen jakaranda, har yanzu yana cikin akwatina. Allah Ya haɗa mu da mazaje masu tsoronSa, masu kishinmu da hankali da tausayi, Ya kare mu daga sharrin zargi, mu ma Ya ba mu ikon riƙe amana. Amin summa amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.